Ummata ce ke riƙe min yara ina zuwa aiki, yanzu ta fara gazawa, ya zan yi?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba sai yau da abin ya ishe ni, jiya ko runtsawa ban yi ba.

Ina aiki a wani kamfanin buhu a Sharada ɓangaren ɗinki, shekarata uku kenan. Bakwai na safe ake shiga a tashi shida na yamma Litinin zuwa Asabar, dubu 45 ake ba mu a wata kuma ta hannun ɗan kwangila muke karɓa, ba mu da wata takarda. Maigidana adaidaita sahu yake ja ba nashi ba ne balas yake kaiwa kullum, tunda aka cire tallafin mai a 2023 wlh wata rana in ya kai balas ya sha mai abin da zai rage masa ko cefane ba ya isa. Toh kun ga babu maganar in ajiye aiki, da kuɗina muke haɗa haya da kuɗin makarantar Hanif.

Yarana biyu, Hanif shekararsa huɗu sai Amatu watanta biyar. A Gaida muke haya, kullum ina idar da sallar asuba zan goya ta in ja hannun yayanta mu tafi Dorayi gidanmu in sauke su wurin Ummata in wuce. Ita ta riƙe Hanif tun yana wata uku ita ta yaye shi, ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Amma yanzu Umma ta haura sittin, ga hawan jini ga ciwon gwiwa in ta zauna sai ta dafa bango take iya tashi. Makon jiya na dawo na tarar da ita kwance kanta na sarawa, Amatu tana tsala kuka a bayan wata 'yar maƙota da ba ta fi shekara takwas ba, Hanif kuwa a bakin titi na tsinto shi ko takalmi babu. Nace Umma me ya hana ki kira ni, tace ai kin ce ana yankar muku kuɗi in kun fita. Banɗaki na shige na yi kukana na wanke fuska na fito.

Ga kuma matar yayana, gida ɗaya suke da Umma ita ma goyo gare ta. Tana taimakawa tsakani da Allah, har akwai ranar da nonon da na tatsa ya ƙare Amatu ta ƙi shiru ta ɗauke ta ta ba ta nata. Amma kwanan nan ta fara sakin magana, wai an mayar da gidan gidan raino, wai ita ma da ta san ana samun mai riƙe yara kyauta da tuni ta fita neman na kanta. Ban tanka ba dan na san tana da gaskiyarta.

Na leƙa gidan rainon yara guda biyu, mai sauƙin cikinsu dubu 15 kowane yaro kuma ƙarfe huɗu suke tashi, famfas da abinci duk naki. Ina zan iya? Shi ne surukata ta kawo shawarar a ɗauko min jikar ƙanwarta daga ƙauyensu wajen Rano, 'yar shekara 12, ta zauna da mu tana riƙe yaran in ta tashi aure mu yi mata kayan ɗaki. Maigidana yace ya yi masa. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya dan yarinyar aji biyar take a firamare.

Masu fita aiki irina dan Allah ya kuke yi? In ɗauko yarinyar ko in ci gaba da kai wa Umma? Kuma in biyan matar yayana zan yi ya zan faɗa mata ba tare da ta ji kamar na mayar da ita 'yar aiki ba?

Ummu Khalil:

Wa alaikumus salam Maman Hanif, sannu da ƙoƙari Allah ya dafa miki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibiti, irin naki muna gani duk ranar riga-kafi, kaka ce za ta zo da jariri a baya ba ta san allura ta nawa aka tsaya ba katin kuma yana jakar uwar a wurin aiki.

Amma bari in fara da Umma dan ita ta fi tayar min da hankali. Mai hawan jini da kai ke sara mata har ya kwantar da ita ba a cewa bari Lahadi ta zo, gobe-goben nan a kai ta a auna jinin ko da za a yanki kuɗin rabin wuni. Ki tambaye ta da kyau ko kullum take shan maganin ko sai ta ji ciwo, dan yawancin iyayenmu da sun ji sauƙi sai su tura shi ƙarƙashin filo. Sannan ki duba abin da take sha na gwiwar, irin su diclofenac da ibuprofen da ake aikawa a sayo a kemis suna ƙara hawan jini suna kuma taɓa ƙoda in aka daɗe ana sha, ki kwashi kwalayen duka ki nuna wa likita. In Allah ya kiyaye ɓarin jiki ya shanye, kinga ita ma sai an samo mai riƙe ta, a lokacin wa za ki kai wa yaran?

Maganar nonon da kike tatsa, ki ci gaba dan Allah kar ki karaya saura miki wata ɗaya kacal. A ajiye shi a ɗaki awa huɗu ne iyakarsa kuma wannan lissafin wurin da ba zafi sosai ne, a Kano lokacin bazara ni ba na yarda ya kai hakan. A firji yana kwana huɗu amma wa ke da tabbacin wuta, gara ki nemi 'yar ƙaramar kula ki riƙa sayen ƙanƙara da safe, ki raba nonon a ƙananan mazubai masu murfi kowanne na sha ɗaya, in za a ba ta a tsoma a ruwan ɗumi ba a ɗora shi a wuta. Kuma da ƙaramin kofi za a ba ta, fida wanke ta da wahala yawancin gudawar jarirai da muke gani daga nan take. Ki roƙi Umma cikin ladabi kar a ba ta ruwa ko jiƙo kafin wata shida, zuma kuwa sai ta cika shekara. Na san iyayenmu za su ce haka muka raine ku, toh ki ce a asibiti aka ce, ki ɗora mana laifin mun saba. Tana cika wata shida sai ki fara mata kunun gero da aka haɗa da waken suya da gyaɗa, ki soya ki niƙa ranar Lahadi ki zuba a roba, daga nan nauyin zai ragu sosai.

Katin riga-kafi ki bar shi wurin Umma ki ɗauki hotonsa a waya. In ta karɓi na sati 6 da 10 da 14 toh sai wata 9 na ƙyanda da shawara, sannan wata 15. Ki ajiye musu ORS (ruwan gishiri da sukari) da zinc na gudawa a gidan ki nuna wa matar yayanki yadda ake haɗawa.

Yarinyar ƙauye kuwa ni dai ba na goyon baya. Yaran da ake kawo mana da ƙunar ruwan zafi ko sun sha kalanzir da aka zuba a robar lemo, in kin bi diddigi sau da yawa wata yarinya aka bar wa su ita kaɗai a gida, kuma ba laifinta ba ne ita ma rainon take buƙata.

Hajiya Kaka:

Salamu alaikum. Ni dattijuwa ce jikata ke rubuta min ina faɗa mata, ita ta karanto min maganarki nace a'a wannan sai na amsa.

'Yata zan gaya miki abin da Ummanki ba za ta taɓa gaya miki ba ko da wuƙa aka sa mata. Jikoki biyar ne suka bi ta hannuna, na 'yata mai koyarwa uku na ɗana biyu. Ina son su Allah ya sani, ranar da ba a kawo su ba gidan ba ya min daɗi. Amma akwai gajiya, akwai ranar da nake jin sallamar 'yata da asuba gabana ya faɗi, sai in ce astagfirullah in tashi in karɓe su da fara'a.

Ku yaran yanzu kuna cewa ai dama kaka ita ke raino. Eh, amma da ba haka ake yi ba. A gidan da na yi aure mu tara ne mata, da kishiyoyi da faccaloli da uwar miji, yaro in ya yi kuka duk wadda hannunta ya fi kusa ita za ta ɗauka, mai daka tana daka mai tankaɗe tana tankaɗe yara suna tsakar gida ido goma a kansu. Abin da ake kai wa kaka yaye ne, wata ɗaya biyu ya manta nono a mayar da shi, ko riƙo in yaro ya yi wayo yana iya aike. Amma a ce tsohuwa ɗaya da jariri daga asuba har magariba kwana shida a mako shekara da shekaru, wannan mu ba mu gani wurin iyayenmu ba. Ni daddawa nake yi da ƙuli-ƙuli na bari. Islamiyyar safe na bari ina izu goma sha biyu. Ƙawata ta rasu a Gwammaja sai ranar uku na samu zuwa gaisuwa dan babu wanda zan bar wa yara. Ban taɓa faɗa wa 'yata ba, ya zan faɗa alhali ina ganin yadda take dawowa ƙafa a kumbure.

Toh abin da zan ce miki, kar ki riƙa zuwa hannu rabbana. Abincin Hanif ki dafo daga gida ko ɗumame ne, wankin yaranki ki ƙulle ki tafi da abinki kar ki bar mata, sabulu da omo ki kai ba sai an tambaya ba. In kin miƙa mata kuɗi ba za ta karɓa ba, za ta ce ni za ki biya? Sai ki mayar da kuɗin maganinta ya zama naki duk wata. Ranar Lahadi ko awa biyu ce ki je ki share mata ɗaki ki wanke mata kaya ki bar ta ta fita ta yi zumuncinta. Kuma in kin dawo ki fara gaishe ta ki yi mata sannu kafin ki ce me ya sami goshin yaron nan, wannan tambayar tana mana ciwo ƙwarai.

Matar yayanki kuwa ba mugunta ba ce gajiya ce. Kar ki aika, kar ki bi ta wurin yayanki, ki shiga ɗakinta ki zauna a tabarmarta ki ce Yaya na san ɗawainiyar da kike yi da yaran nan, ga ɗan abin sabulu duk wata zan riƙa kawowa. Kar ki kira shi albashi ki ce na sabulu. Yaba kyauta tukuici. Allah ya yi muku albarka ya ba Ummanki lafiya.

Bintu:

Maman Hanif ki yi haƙuri zan yi magana da zafi kaɗan dan ni ce yarinyar da ake shirin ɗauko miki, shekara goma sha takwas da suka wuce.

Ina shekara 11 aka kawo ni Kano daga ƙauyenmu gidan 'yar gwaggon babana, ita tana aikin shara a wani asibiti. Abin da aka faɗa wa babana shi ne za a sa ni a makarantar birni, har da murnata na taho da littattafaina a leda. Aka ce bari jaririn ya yi ƙwari, ya yi ƙwari aka ce bari a shiga sabon zango, kafin sabon zango ta sake samun ciki. Shekara shida na yi a gidan na goyi yara uku, ban taka aji ba sai islamiyyar dare ita ma in an samu hali. Kuma matar nan ba muguwa ba ce fa, shi ne abin da nake so ki gane, ba ta hana ni abinci ba tana min ɗinkin sallah, ita ma talauci ne ya sa ta, amma duk safiya ni zan sa wa ɗanta yunifom in raka shi makaranta in tsaya a bakin get ina jin ana karatu in juyo da goyo a bayana.

Akwai ranar da nake dama kunu ƙaramar ta rarrafo ta jawo tukunyar, cinyarta ta saɓule har yau da tabon. An dake ni ranar kamar za a kashe ni, na fi wata ba na iya barci, ina shekara 13 ni kaɗai a gida da yara biyu da risho. Har yanzu in na ga yarinyar sai in ji kamar ni na cuce ta.

Kayan ɗakin an yi min ba a ci amana ba, gado da katifa da kwanuka da 'yar durowa. Yanzu a cikinsu babu abin da ya rage sai tukunya ɗaya. Karatu kuwa sai da na haihu biyu na shiga ajin manya na koya, wannan rubutun da kike gani da kyar na same shi. Dokar ilimin bai ɗaya tun 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare dole ne kuma kyauta, a Kano ma an sake shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, amma mu 'yan raino babu mai leƙowa cikin gida ya ƙirga mu.

Tunda zuciyarki ta ƙi kwanciya ki bi ta. Kuma kar ki yaudari kanki da cewa za ki sa ta makaranta, kina fita bakwai ki dawo shida, a wane lokacin za ta je?

Maman Hanif:

Ummu Khalil na gode sosai, wlh ban san maganin gwiwar yana da illa ba kuma kusan kullum sai ta aika an sayo mata. Hajiya na gode Allah ya ƙara girma, maganarki ta sa na tuna Umma ƙosai take soyawa da safe kafin in fara kai mata Hanif, ni ban ma lura da lokacin da ta daina ba. Bintu ban san me zan ce miki ba, na karanta sau uku. In sha Allahu ba da hannuna za a cire yarinyar nan daga aji ba, sai dai ban san yadda zan tunkari surukata ba dan ta riga ta yi magana da iyayenta.

Abu Sumayya:

Assalamu alaikum, ku gafarce ni na shigo maganar mata amma abu biyu na gani da bai kamata a wuce su ba.

Na farko Malama, tun daga sama ake ta lissafin mata, Umma, matar yaya, suruka, yarinyar ƙauye, har 'yar maƙota, shi uban yaran fa? Ba zarginsa nake ba na san halin da masu adaidaita suke ciki ƙanina ma ita yake ja. Amma aya ta 233 a Baƙara da ta ce uwaye su shayar shekara biyu ita ce dai ta ɗora ci da tufatarwa a kan uba, kenan in kin fita kina cike masa giɓin haya taimakonsa kike, neman mai riƙe yaran ba matsalarki ke kaɗai ba ce da zai ce ya yi masa ya wuce. Kuma abin hawa yana hannunsa. Me zai hana ya riƙa sauke ku da asuba kafin ya fara lodi, ya ɗauko Hanif in an tashi daga makaranta? Kuɗin motar da kike kashewa kaɗai in ya tsaya ai ya kusa biyan matar yayanki. Ki zaunar da shi lokacin da ya ci ya huta ku yi lissafin a takarda, mu maza sau da yawa sai mun ga lamba muke ganewa. Maganar mahaifiyarsa ma shi ya kamata ya je ya warware ba ke ba.

Mahaifiyarki kuwa kyautatawa take, shari'a ba ta wajabta mata rainon 'ya'yanki ba kina raye mijinki yana raye, ke ce ma hidimarta ta hau kanki yanzu.

Na biyu shi ne wanda ya sa na kasa shiru. Kin ce matar yayanki ta shayar da Amatu. Hadisi ya tabbata cewa shayarwa tana haramta abin da nasaba ke haramtawa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kamar yadda yake a Risala duk nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyu yana haramtawa ko tsotsa ɗaya ce, wasu malamai irin Shafi'iyya su suka ce sai sau biyar. Toh a namu Amatu ta zama 'yar matar nan da yayanki, duk 'ya'yansu na yanzu da masu zuwa 'yan uwanta ne babu aure tsakaninsu, amma Hanif abin bai shafe shi ba. Babu laifi a abin da ta yi, alheri ne ma babba. Sai dai mu masu auren zumunci ne, dan Allah a sanar da manya a rubuta a ajiye, na ga gidan da sai da aka kai lefe wata tsohuwa ta tuna, ba ƙaramin tashin hankali aka yi ba.

Maman 'Yan Biyu:

'Yar uwa daga Kaduna nake, na yi shekara bakwai ina koyarwa a makarantar kuɗi kafin in samu na gwamnati dan haka duka biyun na ɗanɗana. Anan tun 2019 ma'aikaciyar jiha wata shida take samu na haihuwa, amma a makarantar kuɗi ana yin arba'in aka kira ni wai in ban dawo ba an ba wata ajin. Wadda ta fi buƙatar hutun ita ce ba ta samu.

Ki dai san haƙƙinki ko ba yau za ki nema ba. Dokar ƙwadago sashe na 54 ta ba mace sati shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aikin, sannan mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu kullum a cikin lokacin aiki. Rabin awa ba zai kai ki Dorayi ki dawo ba, amma zai ishe ki ki samu wuri ki tatsa, ko ki roƙi a haɗe miki su ki riƙa tashi biyar. Mafi ƙarancin albashi kuma dubu 70 ne tun Yulin 2024, waɗanda dokar ta cire su ne irin wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba da masu karɓa gwargwadon abin da suka ɗinka, shi ya sa ake son a bi da ku ta hannun ɗan kwangila ba takarda. Amma dan Allah kar ki je ke kaɗai ki ce doka tace, washegari za a ce ki huta. Ku haɗu ku masu goyo ko ku biyar ne ku sami sufabaiza da lalama ku fara da maganar awa ɗayan nan.

Yadda na yi da 'yan biyuna, uwata tana Zariya surukata ta rasu ba ni da kowa. Mu huɗu ne a layinmu masu fita, da mai aikin kemis da mai sayar da abinci a tasha, muka sami wata bazawara maƙociyarmu mai natsuwa da 'ya'yanta suka girma, kowa dubu biyar a wata da abincin ɗanta, muka haɗa kuɗi muka saya mata tabarma da fo da bokiti mai murfi. Ba a rasa saɓani ba, wata ba ta biya a kan lokaci wata tana kawo yaro da zazzaɓi ya shafa wa sauran, sai da muka yi ƙa'ida mara lafiya uwarsa ta zauna da shi. Shekara uku muka yi a haka. Ki duba cikin abokan aikinki na tabbata ba ke kaɗai ke goyo ba, ki tambaye su ina suke kai nasu.

Maman Hanif:

Salam, na dawo in faɗa muku inda aka kwana. Talata na nemi izinin rabin wuni na kai Umma, jinin ya hau sosai an canza mata magani an hana ta na gwiwar, likitan yace ta daina goyo gaba ɗaya. A hanya na ce mata Umma ki yafe min, tace in daina wannan maganar, amma ta yi shiru har muka iso gida.

Na shiga ɗakin matar yayana kamar yadda Hajiya tace, ashe ita abin da ya fi ɓata mata rai ban taɓa ce mata sannu ba kullum Umma nake yi wa godiya. Mun yi dubu takwas na sabulu, Amatu tana wurinta Umma ido kawai za ta sa. Maganar shayarwa Malam na faɗa wa yayana ya rubuta a bayan takardar haihuwarta. Baban Hanif ya yarda zai riƙa kai mu da asuba, ɗaukowa daga makaranta ne yace ba kullum ba dan wani lokacin lodi yana kai shi har Hotoro ko Kurna, kenan rana tsaka ɗin nan har yanzu ban san yadda zan yi da Hanif ba kuma shi ne mai fita titi. A wurin aiki na tambaya mun kai mu bakwai masu goyo, biyu a cikinsu 'ya'yansu mata suke hanawa zuwa makaranta su riƙe ƙannen, gobe in an fita cin abinci za mu zauna.

Surukata ce dai ba ta amsa gaisuwata sosai tun ranar, shi kuma yana ta cewa zai je zai je. Juma'a ake sa ran kawo yarinyar. In bai je ba kafin nan, ni in je da kaina ko in nemi yayarsa ta raka ni?